Wai meye wannan .epub ɗin ne? Wayata ta ƙi buɗe littattafan da aka turo min

ɗan_Hausare_Garwa:

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Don Allah masu sanin harkar waya ku agaza min, yau kwana uku kenan abin nan yana ci min rai. Addata, wato yayata, da ke aure a Yawunde ce ta turo min littattafai guda biyar ta WhatsApp tace in dinga dubawa tunda ina shirin jarrabawar konkur, biyu na faransanci ɗaya na tarihi, ɗaya kuma labari ne na hausa tace in kaina ya ɗau zafi in huta da shi, na biyar ɗin ma ban san na meye ba. To duk sun sauka megata ta tafi, amma in na danna sai wayar tace wai babu aplikasiyon da zai buɗe wannan fishiye. Da na duba ƙarshen sunan sai naga ba .pdf bane irin wanda muka saba, .epub aka rubuta a guda huɗu.

Jiya da azahar cikin ranar nan ta Garwa na hau moto naje wani sibar, yaron ya zuba su a ordinatar ɗinsa ya buɗe ɗaya da Word, sai ga wani rubutu ya fito kamar tafiyar kaza, abin da na iya karantawa kawai PK ne a farko sai wani mimetype a gabansa, sauran duk shirme. Yace min fishiyen ya lalace a hanya in ce mata ta sake turowa, kuma sai da ya karɓi sefa 300 ɗina wai kuɗin lokaci. Na kira Adda tace ita a wajenta lafiya lau suke buɗewa, to ita iPhone take riƙewa ni kuwa wata ƴar Android ce da kullum take kukan memwa ta cika. Abin da nake son sani, shi epub ɗin nan meye shi, da gaske ya lalace ne ko yaron nan ne bai sani ba, kuma akwai yadda zan yi in karanta a wayar nan tawa ba sai na sake kashe wani kuɗi ba? Ngd.

mai_sibar_Domayo:

Wslm dan uwa. Abin bai kai na damuwa ba, bai lalace ba yaron ne bai sani ba. Ka shiga google ka rubuta convertir epub en pdf zaka ga site da yawa, ka dora fishiyen ka jira minti daya su maida maka shi pdf ka telesharje shikenan. Ni a nan Marwa haka nake wa yan makaranta kullum, su biya in juya musu in imprime musu su tafi. Pdf shine sarki kowace waya tana budewa, wannan epub din wahalar da mutane kawai yake. Kayi hakuri wayata bata da masu lankwasa.

malamin_lise_Ngaundere:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kaza ce ta kwana kan dami, littattafanka na nan garau a wayarka abin buɗe su ne kawai babu. Kar ka sa Addarka ta sake turowa, in ta turo sau goma haka za su zo.

Kuma kafin ka bi shawarar mai sibar tsaya ka ji bambancin, don wlh in ka juya su zuwa pdf a waya zaka karanta ka yi wa kanka asara. Shi pdf kamar riga ce da tela ya yanka ya ɗinka ya gama, girman shafin a yanke yake, yawanci A4 ko girman littafin da aka buga, to kai kuma ka zo da fuskar waya da bata wuce tafin hannu ba, dole ka yi ta buɗe yatsu kana ƙara girma kana ja hagu kana ja dama kowane layi sai ka yi masa tafiya biyu, bayan shafi goma ido ya fara ruwa. Shi kuwa epub zane ne, ba a ɗinka shi ba, kowa ɗaurawa yake daidai jikinsa. Rubutun zubowa yake ya cika fuskar da ya samu, in waya ce ya zauna daidai waya in tablet ce daidai tablet, ka ƙara girman baƙaƙen layukan su sake jeruwa da kansu ba abin da zai fita gefe. Ni da nake sa tabarau wannan kaɗai ya isa ya sa na koma masa. Ga shi zaka iya maida bayan shafin baƙi rubutun fari in dare yayi an ɗauke kuran, baturi ma yafi daɗewa tunda zaka rage hasken, yana kuma tuna maka inda ka tsaya. Wancan karon da na hau jirgin ƙasa na dare daga nan zuwa Yawunde littafi guda na cinye kafin gari ya waye, ba rezo ba komai.

Abin da zaka yi, ka shiga Play Store ka sauke ReadEra, kyauta ne ba talla a ciki kuma baya buƙatar intanet in ka gama saukewa. Kana buɗe shi ka bashi izinin duba fishiyoyin wayar zai bi lungu-lungu ya tattaro duk littafin da ke ciki ya jera maka har da bangonsu, har tsofaffin pdf ɗinka yana buɗewa. In memwa ta matse sosai akwai Lithium, shi ƙarami ne epub kaɗai ya sani. Akwai Moon+ Reader shima yana da kyau amma na kyautan akwai talla. Google Play Books ma yana karantawa sai dai shi sai ya fara ɗora littafin a kan kont ɗinka na Google kafin ya buɗe maka, wato mega zata sake tafiya, shi yasa bana ba ɗalibaina shawararsa a nan. In ka sauke ɗaya daga ciki ka koma WhatsApp ka danna littafin zai tambaye ka da me zaka buɗe, ka zaɓa. Ita Addarka dalilin da bata ga wahala ba, iPhone tana da nata abin karatun na Apple mai suna Books kuma epub ne abincinsa, shi yasa take ganin kamar kai ne baka iya ba.

Abu ɗaya zan ja maka kunne. In kana neman littafi a intanet ka danna sai kaga abin da ya sauko ƙarshensa .apk ne, ba littafi bane, goge shi nan take kar ka yarda ka girka. Ɗalibina ɗaya bara haka ya yi wayarsa ta koma allon talla sai da aka wanke ta kaf, hotunan bikin yayarsa duk suka tafi.

mai_sibar_Domayo:

Malam Allah ya kara ilimi, amma fa kuna so ku kashe mana kasuwa hhh. Ni dai nasan dan makaranta in konkur ya matso takarda yake so a hannu ya ja layi da biro, kuma ba'a imprime epub haka kai tsaye sai an juya. Sannan in wuta ta dauke kwana biyu waya ta mutu ina epub din yake? Takarda bata neman sharji.

injiniyan_waya_Kusiri:

Slm. Maganar Malam haka take, ni zan ɗan ƙara ne a kan wancan PK ɗin da ɗan uwa ya gani, don ya bani dariya, yaron sibar ɗin shaidar lafiyar fishiyen ya gani da idonsa ya ce gawa ce.

Epub ba wani abin asiri bane, zip ne, wato buhun da ake matse fishiyoyi a ciki, aka canza masa suna. Duk fishiyen zip da harufan PK yake farawa, farkon sunan Phil Katz ne mutumin Amurka da ya fito da zip a 1989. Sannan ƙa'idar epub tace abu na farko a cikin buhun dole ya zama wani ɗan fishiye mai suna mimetype kuma ba a matse shi, a ciki layi ɗaya ne tak application/epub+zip, shi yasa ko da Word aka buɗe ake iya karanta wannan wajen sauran ya zama tafiyar kaza. In kana son gani da idonka ka yi kwafin littafi ɗaya, kwafi fa ba na asalin ba, ka goge .epub ɗin ƙarshe ka rubuta .zip ka buɗe. Zaka ga dosiye mai suna META-INF da container.xml a ciki, aikinsa kawai ya nuna hanyar wani fishiye mai ƙarshen .opf, shi kuma .opf ɗin shine mai unguwa, yana riƙe da sunan littafi da marubuci da yaren da aka rubuta da jerin duk abin da ke buhun da wane babi ne ke bin wane. Su babobin kuwa kowanne shafin intanet ne irin na xhtml, ga hotuna a gefe ga css mai kula da ado. Wato littafin ɗan ƙaramin site ne aka ɗaure a ƙunshi ɗaya, shi yasa rubutun yake zubowa kamar yadda Malam ya faɗa, kuma shi yasa baya da nauyi, littafin da rubutu ne zalla sau da yawa ko mega 1 baya kaiwa alhali pdf ɗin da aka yi skan zaka ga 40 ko 60. Mu da muke lissafin forfen intanet kamar lissafin gero wannan ba ƙaramin abu bane.

Ba kamfani ɗaya ke da shi ba. Wata ƙungiyar masu buga littattafai da kamfanonin na'ura mai suna IDPF ce ta fitar da shi a 2007, ya gaji wani tsohon tsari Open eBook na 1999, aka yi EPUB 3 a 2011 wanda ya zo da sauti da bidiyo da gyaran rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu irin larabci. A 2017 ƙungiyar ta narke cikin W3C masu kula da ƙa'idojin shafukan intanet, yanzu su ke riƙe da shi, na 3.3 ya fito 2023.

Mai sibar kai kuma ga naka. Bar tura mutane waɗancan site ɗin, ka ɗora da mega ka sauke da mega ga littafin mutane ka bar shi a hannun wanda baka sani ba. Sa Calibre a ordinatar ɗinka sau ɗaya, kyauta ne, wani ɗan Indiya Kovid Goyal ya fara shi tun 2006, yana da ɗan nauyi ya haura mega 100 amma in ya zauna ya zauna, yana karantawa yana juya epub zuwa pdf ba intanet, ka zaɓi A4 ka daidaita girman rubutu don kar shafi ya yi yawa kuɗin imprime ya cinye yara. In buɗewa kawai kake so Sumatra PDF ya isa, duk da sunansa yana buɗe epub kuma akwai wanda ba sai an girka ba a kile USB zaka yawo da shi. Da can tsohon Edge, abin shiga intanet na Windows 10, yana buɗewa da kansa, sabon da ya fito 2020 baya yi, har yanzu kwastomomi na daga Njamena suna tsallako gadar Ngeli su ce min ordinatar ɗinsu ta lalace saboda wannan. Masu Kindle, na'urar karatun Amazon, kuma shi baya cin epub kai tsaye, yana da nasa irin azw3 da tsohon mobi, amma tun 2022 in ka tura ta Send to Kindle Amazon zasu juya maka.

ɗan_Hausare_Garwa:

Allahu akbar. Malam, Hamma na Kusiri, Allah ya saka da alheri, usoko sosai. Na sauke ReadEra ɗin da daddare sai ga su nan reras har da bango, na faransanci biyu da na tarihi lafiya lau, har ƙarfe ɗaya ina karantawa kwance a tsakar gida saboda zafi. Sefa 300 ɗina dai Allah ya isa ban ce ba amma ta min ciwo.

Saura matsala biyu. Na hausar ya buɗe amma duk inda ya kamata a ga ɗ ko ƙ ko ɓ sai in ga wasu alamomi, ƙasa an rubuta }asa, ɗaya kuma ]aya, karatun ba daɗi sai kana tsayawa kana canka. Na biyar ɗin kuma ashe ba epub bane, ƙarshensa .acsm ne kuma ɗan mitsitsi ko kilo 2 bai kai ba, shi ko a jerin ma bai fito ba. Shima akwai dabara?

injiniyan_waya_Kusiri:

Wannan na biyar ɗin ƙanena ba littafi bane, tikiti ne. In mutum ya sayi littafi a wasu shagunan intanet ko ya aro daga laburare ba sa bashi epub ɗin haka, kulle shi suke da makullin da ake kira DRM, na Adobe shine ya fi yawa. Sai su baka wannan ɗan .acsm ɗin, ka buɗe shi da Adobe Digital Editions bayan ka shiga da kont ɗinka na Adobe, shi zai je ya karɓo ainihin littafin ya ɗaure shi da wannan kont ɗin. Kamar takardar kolis ce a tashar mota, takardar ba ita ce kayan ba kuma in an riga an karɓi kayan da sunan wani kai in ka je da ita ba abin da za a baka. To in Addarka ta riga ta buɗe a wajenta da nata kont, a naka ba zai yi ba, in ma ba ta buɗe ba tikitin yana da wa'adi yana iya mutuwa. Hanyar da ta rage ita ce ta shiga da kont ɗinta a wayarka, Adobe suna barin kont ɗaya ya hau na'ura har 6, a Android kuma PocketBook Reader yana karɓar irin wannan. Nasan wani zai zo ya ce akwai yadda ake fasa makullin, ni ba ruwana da wannan, haƙƙin mai littafi ne. Tambaye ta tukuna littafin meye, kar ka sha wahala a kan abin da ba zai fito a konkur ba. In tsofaffin littattafan faransanci kake nema waɗanda haƙƙinsu ya ƙare, Project Gutenberg da Wikisource suna bayarwa a epub kyauta ba makulli.

Maganar baƙaƙe kuma na bar wa masu boko.

ƴar_iniversite_Marwa:

Slm, tun jiya nake binku ina shiru, wannan ta baƙaƙen ce ta fito da ni don ita ta sha min kai lokacin da nake haɗa rubutun fulfulde da hausa na memwar ɗina, wato kundin kammala karatu, su ma ai suna da ɓ da ɗ da ƴ ga ŋ a kai.

Ciwon kala uku ne ƙanena kuma kowanne da maganinsa. In ɗan akwati kake gani a gurbin harafin, rubutun lafiya yake, fon ɗin, wato salon zanen baƙaƙen, da ake nuna maka ne bashi da harafin, ka shiga saitin aplikasiyon ka canza fon, irin su Noto na Google ko Charis da Andika na SIL duk suna da masu lanƙwasa. In kuma irin É— kake gani a gurbin ɗ ko Æ™ a gurbin ƙ, wannan ɗan uwan Ã© ne da muke gani a gurbin é a saƙonnin faransanci, wajen haɗa littafin aka rikita tsarin ajiye baƙaƙe na UTF-8 da wani tsari, sai an gyara daga tushe. Naka na uku ne. Kafin baƙaƙen nan su samu a kowace na'ura masu buga littafin hausa dabara suke, su sa wani fon na musamman da aka zana ƙ a gurbin } aka zana ɗ a gurbin ], a takarda ya fito tsaf amma a cikin fishiyen alamar ce zaune ba harafin ba. In wanda ya haɗa epub ɗin ya cusa fon ɗin a ciki, ka nemi aplikasiyon mai zaɓin amfani da fon ɗin mai littafi ka kunna zai iya gyaruwa. In bai cusa ba sai a ordinatar, a buɗe da editan Calibre ko Sigil a ce duk } ta koma ƙ duk ] ta koma ɗ, amma a cikin babobin kawai, kar a taɓa css don shi da } yake aiki, ni na taɓa yin wannan gangancin littafi ya watse min gaba ɗaya daren da zan kai wa malamina.

Sai dai Malam da girmanka zan ɗan goyi bayan mai sibar a wuri ɗaya. Epub bashi da lambar shafi tsayayya, a wayata shafi na 212 a taka yana iya zama 340 don kawai ka ƙara girman rubutu, ranar da na kawo misali daga wani littafi malamina ya ce wane shafi, na tsaya ina kallonsa. Akwai hanyar da ake sa lambobin shafin bugun takarda a cikin EPUB 3 amma ba kowane littafi ke zuwa da ita ba, in babu sai dai ka faɗi babi. Littafin lissafi ko mai tablo da taswira da yawa ma ni pdf nake nema, a epub tablo ya kan murɗe. Kuma kar wanda ya ɗauki pdf ɗin skan ya ce zai juya shi epub, hotuna ne ba rubutu ba, abin da zai fito ko mai shi ba zai gane shi ba.

malamin_lise_Ngaundere:

Na karɓa ƴata, ta shafin gaskiyarki ce. Amma shi konkur zai rubuta ba memwar ba, ba mai tambayarsa shafi.

ɗan_Hausare_Garwa:

Adda ta Marwa na gode, na duba cikin zip ɗin kamar yadda Hamma ya koya min ba wani fon a ciki, don haka sai na samu ordinatar, zan je wajen wani abokina a Rumde Ajiya ran asabar mu gwada Calibre ɗin, sibar ɗin can dai ba zai sake ganina ba. Na kira Addata kan na biyar ɗin ta yi ta dariya, wai littafin girke-girke ne ta saya wa kanta hannunta ya haɗa da shi wajen turowa.

mai_sibar_Domayo:

Hhh to in ka gyara na hausar ka turo min in gani, nima akwai guda uku a nan masu wannan }asa }asa din tun bara na rasa yadda zan yi dasu. Calibre din ma yanzu yake sauka, rezo na ja kamar kunkuru, yana 37 cikin dari.